Tambaya da Amsa: Koyo da Koyar da Rawar Indiya a Ajin Motsa Jiki

Wasiƙun da suka iso mana a wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suke: ajin motsa jiki da ake yi da rawar fina-finan Indiya, irin wadda ba ƙafa da hannu kaɗai ke aiki ba, har ido da gira da yatsu. Ba abin mamaki ba ne, tun shekarun 1950 masu gidajen silima 'yan Labanan suka fara kawo fina-finan Indiya Kano da sauran biranen Arewa, kunnenmu ya daɗe da sanin kiɗan. Sai dai kunne ya saba ba ya sa ƙafa ta iya. Masu horar da rawa da likitocin gashin ƙashi da ke taimaka wa wannan fili ne suka amsa.

Assalamu alaikum. Na ga ana tallar ajin rawar Indiya na mata zalla a wurin motsa jikin unguwarmu. Me ya raba shi da erobiks da Zumba? Anya motsa jiki ne ba wasa ba? *Daga wata ma'aikaciyar banki, Abuja*

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Dangi ɗaya ne, kowa da halinsa. A 1969 wata mai koyar da rawa, Judi Sheppard Missett, ta ga ɗalibanta a Evanston kusa da Chicago suna zamewa daga aji, domin su ba gwaninta suka zo nema ba, lafiya da nishaɗi suke so. Sai ta sauƙaƙa takun, ta sa suka ba madubi baya, daga nan aka sami Jazzercise. Zumba daga birnin Cali na Kolombiya ta fito a hannun Beto Perez, ta zama kamfani a Amurka a 2001. Na Indiya kuwa, ɗaya daga cikin na farko da suka yi suna shi ne Masala Bhangra, wanda Sarina Jain ta fara a Amurka a 1999.

A erobiks kiɗa agogo ne kawai, ko wace waƙa aka saka takun bai canza ba. A nan waƙar ce ke jan ragama. Idan mawaƙiya ta ambaci ruwan sama yatsu sai su zubo daga sama, idan ta ambaci kishi gira sai ta haɗe. Rawar fim ɗin Indiya dama gauraye ce: tsalle da girgiza kafaɗa daga bhangra ne, rawar manoman Punjab ta murnar girbi; tafi da zagaye daga garba ta Gujarat; juyi da buga ƙafa daga kathak, rawar gargajiyar arewacin Indiya; maganar yatsu da fuska daga bharatanatyam ta Tamil Nadu.

Ko wasa ne ko aiki, numfashinki zai gaya miki. Idan kina iya magana amma ba ki iya rera waƙa, kina matsakaicin mataki. Idan kalma uku ko huɗu kike fitarwa ki tsaya haki, kin shiga mai tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaici a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, ga kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Aji uku na awa ɗaya ɗaya sun cika na farkon. Mai son lissafi ta cire shekarunta daga 220: 'yar shekara 40 ta samu 180, wato iyakar bugun zuciyarta a minti, matsakaicinta kuwa tsakanin bugu 90 da 126 ne a minti. Amma kada ki dogara da wannan kaɗai a rawar Indiya, domin yawan ɗaga hannu sama da kai yana hanzarta bugun zuciya fiye da ainihin aikin da jiki ke yi.

Sati uku ina zuwa aji. Da na kama ƙafa hannu ya kuɓuce, da na kama hannu ƙafa ta rikice. Kowa ya yi dama ni na yi hagu. Ko dai ba ni da baiwar ne? *Daga wata uwar 'ya'ya huɗu, Kaduna*

Hajiya, ba baiwa ce ta yi miki ƙaranci ba, kaya uku kike son ɗauka lokaci guda. Tsarin shi ne ƙafa, sannan hannu, sannan fuska. Duk sabon taku, ki riƙe ƙugu da hannu biyu ki bar ƙafa ta yi shi sau takwas ko goma sha shida. Ranar da kika iya yin takun kina amsa gaisuwar wadda ke gefenki, ranar ce hannu zai shiga, kuma hannu ɗaya tukuna.

Abin da ke kai ki hagu alhali kowa ya yi dama kusan kullum abu ɗaya ne, wato inda nauyinki yake. Taku iri biyu ne. Akwai wanda ake sauke nauyin jiki duka a kan ƙafar, akwai wanda ake taɓa ƙasa kawai da kan yatsu a ɗauke. Idan malama ta taɓa ke kuma kika taka, ƙafar da ya kamata ta tashi a bugu na gaba ta riga ta ɗauki nauyi, dole ɗayar ta tashi, shi ke nan kin juye. Don haka ki daina kallon hannun malama, ki kalli dunduniyarta: in dunduniya ta sauka taku ne, in tana sama taɓawa ce.

Ki koyi ƙirga takwas. Kiɗan rawa a takwas takwas yake tafiya, sabon motsi kuma a kan "ɗaya" yake farawa. In kin ɓata kada ki bi su da gudu, ki ci gaba da taku a wuri ɗaya har "ɗaya" ta zagayo ki shiga. A gida ki saka waƙa kina wanke-wanke kina neman "ɗaya" da tafi, wannan kaɗai yana gyara abu da yawa.

Motsi biyu da ke wahalar da sababbi. Girgizar kafaɗa ta bhangra ba daga wuya take fitowa ba. Ki sassauta gwiwa ki yi ɗan lilo sama da ƙasa, ki saki kafaɗa ta faɗo da kanta a kan bugu. Mai ɗaga kafaɗa da ƙarfi ita ce ke kwana da ciwon wuya. Bugun ƙugu da suke kira thumka kuma daga ƙafa yake: nauyi a ƙafar hagu, yatsun dama a ƙasa, ki tura ƙasa da su ƙugun dama ya tashi. Ciki a ɗaure, kada bayanki ya lanƙwashe.

Kuma ki bar layin ƙarshe. Can baya ƙafar ɗalibai kike gani, da kurakuransu. Layi na biyu, ɗan gefe kaɗan, ya fi.

Takun na iya shi, amma malamarmu kullum cewa take fuskata kamar ta mai jiran layin asibiti. Kunya nake ji. Dole ne sai da wannan yanga? *Daga wata ɗalibar jami'a, Zariya*

Ba dole ba ne, ƙanwarmu, amma kina barin rabin ribar a ƙasa. Mai ba da labari da jikinta hannunta ya fi miƙewa, takunta ya fi faɗi, gwiwarta ta fi sauka, ba tare da ta sani ba. Mai ƙirga kawai motsinta ƙanƙancewa yake yi tun waƙa ta uku. Ga kuma mantuwa da gajiya.

Kuskuren shi ne a ɗauka murmushi ake nema. Murmushin dole daga nesa ake gane shi. Malaman rawar Indiya da ido suke farawa: ido ya bi hannu duk inda ya tafi. Ki gwada. Miƙa hannun dama sama a hankali cikin ƙirga huɗu, idonki a kan yatsunki, ki dawo da shi cikin huɗu. Kai zai bi, wuya zai bi, fuska ta sake da kanta, kuma kin daina kallon masu kallonki. Maganin kunya ke nan na farko.

Na biyu, yatsu. A rawar gargajiyarsu akwai siffofin hannu ɗaya guda 28, amma ajin motsa jiki uku ko huɗu sun ishe shi. Pataka, tafin hannu a miƙe yatsu a haɗe, babban yatsa a ɗan lanƙwashe, da shi ake nuna iska ko hani ko hanya. Alapadma, yatsu a baje kamar furen bado ya buɗe, na fure ne da wata da kyan fuska. Kan yatsu biyar a tsuke wuri ɗaya kuma toho ne, in kika buɗe su ya zama fure. Ƙarfin ya kai har farce. Hannu mai laushi kamar wanki a igiya shi ke kashe rawa.

Na uku, ki ari hali. Masana wasansu sun kasa yanayin zuciya tara: so, raha, tausayi, fushi, jarumta, tsoro, ƙyama, mamaki da natsuwa. Ki ɗauki taku ɗaya mai sauƙi, dama-taɓa hagu-taɓa, ki yi takwas huɗu a matsayin 'yar kasuwar da aka taya wa kaya da wulaƙanci, sannan takwas huɗu a matsayin ƙanwar ango ranar kamu. Takun bai canza ba, amma nauyinsa da saurinsa da inda haɓa ta dosa duk sun canza. Wadda ke rawar ba ke ba ce, waccan matar ce, kunyar ta rage gare ta. Raha da jarumta sun fi sauƙin farawa. So da tausayi a bar su sai an saba da juna a aji.

Ga malamar taki kuma, in tana karantawa: kada a kira sunan ɗaliba a gyara mata fuska a gaban jama'a. A juya aji ya ba madubi baya na waƙa ɗaya, a rage fitila, a ga bambanci.

Na yi shekara biyu ina koyo, yanzu matan unguwa sun ce in buɗe musu aji a wani zauren makaranta da yamma. Yaya ake tsara awa ɗaya? Na gwada da ƙawaye biyar, rabin lokacin a bayani ya ƙare. *Daga wata malamar firamare, Kano*

Malama, kin riga kin gano babbar cutar sabuwar mai koyarwa. Ajin koyon rawa daban, ajin motsa jiki da rawa daban. A na farko ana kashe kiɗa a yi bayani. A naki da zarar kin kashe kiɗa bugun zuciya ya sauka, gumi ya bushe, an tashi daga motsa jiki. Dokar ita ce ƙafa ba ta tsayawa. Duk bayanin da za ki yi, ki yi shi suna taku a wuri ɗaya.

Minti 8 zuwa 10 na farko na ɗumama jiki ne: tafiya, taku gefe da gefe, juya kafaɗa da wuyan hannu da idon sawu, ba tsalle. Dabarar gwanaye ita ce su ɓoye takun da zai zo nan gaba a cikin ɗumamawar, a hankali kuma ba hannu, in ya dawo a waƙa ta biyar ƙafa ta riga ta san shi. Sai minti 35 zuwa 40 na ainihin rawa, kamar waƙa tara ko goma. Kada ki jera masu zafi. Biyu masu zafi, ɗaya mai sanyi. Mai sanyin nan ita ce gidan yatsu da fuska, domin ba mai iya nuna mamaki da gira tana haki. Mafi zafin duka ta zo wajen minti na 30 zuwa 35. Minti 10 na ƙarshe a sauko a hankali, sannan a miƙa sharaɓa, cinya gaba da baya, ƙugu da kafaɗa, kowanne daƙiƙa 15 zuwa 30 ba tare da lilo ba.

Aikin gaske a gida yake, da biro da takarda. Ki saurari waƙa ki ja sanda ɗaya a kan kowace takwas, ki raba ta: buɗewa takwas nawa, baiti nawa, amshi nawa, kiɗa zalla nawa. Yawanci za ki ga takwas huɗu, wato bugu 32, suna tafiya tare. Kowane sashe ki ba shi motsi ɗaya, duk sanda amshi ya dawo motsinsa ya dawo. Motsi uku ko huɗu sun ishi waƙa, na amshi ya zama mafi sauƙi kuma mafi armashi, shi za su tafi da shi gida. Waƙoƙin fim suna da tarko biyu: doguwar buɗewa marar bugu, da ragowar bugu biyu ko huɗu da ake cusawa tsakanin baiti da amshi. Buɗewar ki yanke ta ko ki cika ta da numfashi da hannu. Ragowar ki yi mata alama a takarda, ki sa tsayuwa da kallo a wurin, in ba haka ba duk ajin zai sauka daga kan "ɗaya". Saurin kiɗa kuwa ki ƙirga bugu na daƙiƙa 15 ki ninka sau huɗu; 120 zuwa 135 a minti ya dace da taku marar tsalle. Bhangra tana da yaudara, lissafinta kan fito ƙasa amma kowane bugu da ɗaga gwiwa.

Sanarwa kafin motsi ita ce sana'ar. Ki faɗi abin da ke zuwa a kan "biyar, shida", su ji a "bakwai, takwas", su yi a "ɗaya". In kika faɗa a kan "ɗaya" kin makara, laifin kuma naki ne. Kalma uku ta isa: "dama, gefe, huɗu". Ki haɗa da hannu, domin na baya ba sa jin ki: nuna ɓangaren, ɗaga yatsu huɗu ki rage su ɗaya ɗaya, dafa kai in za a koma farko. In kina fuskantarsu ke madubinsu ce, kina cewa dama kina ɗaga hagunki. Wannan sai kin yi ta maimaitawa ke kaɗai a ɗaki. Fuskantarsu ta fi a irin wannan aji tunda fuskarki suke kwaikwayo, amma taku mai juyi ko mai tafiya gaba ki ba su baya ki nuna. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda, kuma duk abin da dama ta ja sau takwas hagu ma ta ja sau takwas.

Ki nemi fassarar kowace waƙa kafin ki saka ta. Wasu na bauta ne a addinin Hindu, wasu kalmominsu ba za ki so a rera a zauren makaranta ba. Na biki da na girbi da na zolaya suna da yawa, kuma dama ba ki iya koyar da fuskar waƙar da ba ki san me take cewa ba.

Wuri: kowace mace kamar mita biyu a mita biyu, ta miƙa hannu ta juya ba ta taɓa kowa ba. Ɗaki mai mita 8 a 10 kada ya wuce mutum 16 zuwa 18 in an cire wurinki. Lasifika kuma, in sai kin yi ihu wadda ke taku ɗaya daga gare ki take ji, ya yi yawa. Ƙarar desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) awa takwas ce iyakarta ga kunne, kowane ƙarin 3 yana raba lokacin biyu, a 94 saura awa ɗaya. Su sau uku suke zuwa a mako, ke kullum kina ciki.

Tun da na fara, gwiwata da ƙaurina ke ciwo. A kan tayil muke yi. *Daga wata mai ɗinki, Maraɗi*

Tayil a kan siminti ba ya shanye komai, duk dirar da kika yi ƙashi ke karɓa. In ba daɓen katako, a rage tsalle: ƙafa ɗaya kullum tana ƙasa, a ɗaga gwiwa da hannu a maimakonsa, gumin bai ragu sosai ba. In za a dira, kan yatsu ne farko, sannan dunduniya ta sauka, gwiwa a sake. Masu rawa a kan yatsu ba sa sauke dunduniya su ne masu ciwon ƙauri da sharaɓa.

Gwiwa kuwa juyi ke cin ta. Takalmin gudu yana da zane mai kama ƙasa, jiki ya juya ƙafa ta ƙi, gwiwa ta murɗe a tsakani. Kafet ma haka yake yi. Ki nemi kambas mai ɗan santsi a ƙarƙashin tushen yatsu, ki ɗaga dunduniya kafin ki juya, gwiwa kuma kullum ta dubi inda yatsan ƙafa na biyu ya duba. Safa zalla a kan tayil targaɗe ce ke jira, haka gumi da ƙurar hunturu, a goge daɓen kafin a fara. Tsamin jiki da ke zuwa bayan kwana ɗaya zuwa uku ya wuce da kansa ba komai ba ne. Ciwo mai suka a cikin gaɓa, kumburi, ko gwiwa mai sarewa, a dakata a ga likita.

Juyi ɗaya nake yi jiri ya kwashe ni. *Daga wata mai karatu, Kumasi*

Ki zaɓi abu ɗaya a bango daidai idonki. Jiki ya fara juyawa ido na kansa, sai a ƙarshe kai ya zagayo da sauri ya sake kama shi. Ki fara da kwata, sai rabi, sai cikakke, kada ki wuce biyu a jere, kuma ki yi ta ɓangare biyu. Kallon ƙasa ke ƙara hajijiya. Ranar da ba ki jin daɗi ki zagaya da taku huɗu. Jirin da ke zuwa ko ba juyi wata magana ce, a auna jini.

A cikin masu son shiga ajina akwai mai ciki, akwai mai hawan jini da ciwon suga, akwai mai sikila. In karɓe su? *Daga wata mai horarwa, Jos*

Ki karɓe su bayan kowacce ta ji daga likitanta, kuma ki rubuta larurar kowa tun ranar farko. Mai cikin da ba shi da matsala tana iya matsakaicin motsi, ba tsalle, ba juyi mai sauri, ba doguwar kwanciya rigingine in cikin ya tsufa. Jini, zubar ruwa, jiri ko ciwon mara, ta tsaya nan take. Mai jego ta jira duban sati shida, wadda aka yi wa aiki ta jira izini. In fitsari na kufcewa wajen tsalle, abu ne da ya yawaita bayan haihuwa kuma yana da magani a wurin likitan gashin ƙashi, ki faɗa wa aji duka don kada mai shi ta ɓace ba sallama.

Mai hawan jini ta rage daɗewa da hannu a sama, kada ta riƙe numfashi, kada kuma ta tsaya cak bayan waƙa mai zafi, ta ci gaba da tafiya. Mai suga, musamman mai allurar insulin, kada ta zo da yunwa, ta riƙe dabino ko alewa. Rawar jiki da gumi mai sanyi alamar suga ya faɗi ne. Mai sikila ƙishirwa da wuce gona da iri ke tayar mata da ciwo, ta tsaya a matsakaici, ta huta tsakanin waƙoƙi, gorar ruwa a kusa.

Kowa ya sha kamar rabin lita awa biyu kafin aji, sannan kurɓi kurɓi duk minti 15 zuwa 20. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, a koma sassafe ko bayan la'asar sakaliya, a buɗe tagogi. Da azumi a bari sai awa ɗaya da rabi ko biyu bayan buɗa-baki, ko bayan asham, a rage ajin zuwa minti 40. Ciwon ƙirji, numfashi ya sarƙe, ko suma, asibiti kai tsaye.

Sai da takardar shaida ake koyarwa? Zan iya kiran ajina Zumba tunda sunan mutane suka sani? *Daga wata matashiya, Sakkwato*

Zumba suna ne mai rajista, sai wadda ta yi horon kamfanin ta karɓi lasisi ke da ikon sa shi a allo, haka ma Jazzercise. Ki kira naki ajin rawar motsa jiki. Takardar da muka fi so ki fara nema ita ce ta agajin gaggawa da farfaɗo da numfashi, sannan horon koyar da motsa jiki na rukuni. Kafin ki karɓi kuɗin kowa, ki koyar da mutum uku ko huɗu kyauta na wata guda, ki ɗauki muryarki kaɗai a waya ki saurara ko sanarwarki na zuwa kafin "ɗaya". Wayoyin ɗalibai kuwa kwando a bakin ƙofa, labule a taga, domin matar da ke zargin ana ɗaukar ta ba za ta ɗaga gira ba, balle mayafi.